Asalin Gidan Ɗantata

Gidan Ɗantata na Kano ya samo asali daga Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877. Iyayensa Agalawa ne, mutanen da aka sani da fataucin goro, kuma mahaifinsa Abdullahi madugu ne mai jan ayari zuwa Gwanja. Alhassan yana yaro ƙarami mahaifin ya rasu. Mahaifiyarsa, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta yau, ta bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Saboda riƙon da ta yi masa ake ce masa Ɗantata.

Da ya tasa ya bi ayari har Ankara wajen uwarsa, ya yi karatun allo, yana ɗan taɓa ciniki, sannan ya komo gida. Basasar Kano ta 1893 ta same shi a Bebeji. Garin ya ci wuta a hannun Yusufawa, ɗaya daga cikin ɓangarorin da ke yaƙin, aka kama shi da 'yan'uwansa, sai da aka fanshe su. Daga nan ya koma hanyar goro. Abin da ya fara bambanta shi da sauran fatake shi ne, maimakon ya shafe watanni a ƙasa da jakuna, yakan ɗora goronsa a jirgin ruwa daga Sakandi ko Ankara zuwa Ikko, ya juya kuɗinsa sau da yawa kafin mai jaki ya kai gida sau ɗaya.

Jirgin ƙasa ya fara jigila a Kano a 1912, Turawan kamfani suka zo neman gyaɗa. Ɗantata ya dawo ya kafa gida a unguwar Koki, ya zama mai saya wa kamfanin Neja, wanda daga baya ya shiga cikin kamfanin UAC. A nan ne arzikinsa ya bunƙasa, a nan ne kuma jama'a suka fi cin moriyarsa. Yakan ba yaransa jari tun kafin kaka, su bazu ƙauyuka da sikeli da buhuna, su ba manomi kuɗi a hannu, in an cire gyaɗa a auna a biya. Wanda ya riƙe amana a ƙara masa jari baɗi, har ya kai ga tsayawa da ƙafarsa. Ana yawan ambaton shanun da yake yankawa da salla ya raba wa talakawa, da mutanen da ya biya wa kuɗin Makka, amma jarin nan ya fi su tasiri, domin gidajen 'yan kasuwa da dama a Kano daga gindinsa suka tashi.

Shi ake danganta wa dalar gyaɗa. Jirgi ba ya iya kwashe abin da ake saye a kaka guda, sai aka riƙa jera buhunan a fili, gindi da faɗi, ana hawa ana tsukewa har ƙololuwa, leburori na hawa da buhu a ka, a rufe da tamfol saboda ruwa. Dala ɗaya takan ci buhu 15,000. An yi su a Ƙofar Mazugal da Bebeji da Malam Madori. A 1929, da bankin Turawa na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Duk da haka an san shi da tsimi, ba mai almubazzaranci ba ne a ci ko a sutura.

Dalar ta ɓace bayan fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 da komawar gwamnati kan man fetur. Cinikin amfanin gona kuwa bai bar Kano ba: yau kasuwar Dawanau, can gaba da Ƙofar Dawanau ta wajen hanyar Katsina, ita ke tara wake da riɗi da gero da zoɓo, har yanzu kuma yaran attajirai ne ke shiga kasuwannin ƙauye da kuɗin iyayen gidansu.

Ɗantata ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, bayan ya yi wa 'ya'yansa wasiyya kada su bari kamfanin ya watse. Ɗansa Ahmadu ne ya fara riƙe shi, daga baya Aminu, wanda ya gina cibiyar wankin ƙoda da sunan mahaifinsa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma ya rasu a 2025. Ɗan'uwansu Sanusi ya yi suna a gyaɗa da sufuri, 'yarsa Mariya kuma ita ta haifi Aliko Ɗangote, wanda shi ma da rancen jari daga kawunsa ya soma kasuwanci a 1977.