Aljabrar Hecke: aikin Iwahori, sunan wani

A 2026 Nagayoshi Iwahori, masanin lissafi ɗan Japan, ke cika shekara ɗari da haihuwa, kuma har yau aljabrar da ya bayyana tsarinta ana yawan kiranta da sunan Erich Hecke kaɗai. Abin yana ci mini rai.

Asalin maganar rukunonin juyin madubi ne: ka juya siffa sau ɗaya ta koma kishiyarta, ka sake juyawa ta dawo yadda take. Coxeter ya jera irinsu a wajen 1934, Shephard da Todd suka faɗaɗa jerin a 1954. Hecke kuwa, a Jamus a 1937, yana can kan nazarin lambobi, ba ruwansa da madubi.

A 1964 ne Iwahori ya ɗauki rukunin Chevalley a kan fili mai lambobi q, ya gina wakilci daga ƙaramin rukunin Borel, sannan ya tambaya: waɗanne sauye-sauye ne ke mayar da wakilcin cikin kansa ba tare da ɓata tsarinsa ba? Su ake kira endomofizim. Ya tarar kowane ɗan rukunin Weyl, wato rukunin madubin da ke tattare da rukunin Chevalley, yana da nasa guda, kuma ga T, endomofizim na ainihin juyin madubi, ƙa'idar madubi ta ɗan karkace: T² = (q−1)T + q. Sa q ya zama 1, sai rukunin madubi ya dawo cif. Tits ya nuna cewa a kan lambobin sarƙaƙiya aljabrar endomofizim ɗin da ta rukunin Weyl ɗaya ce, Lusztig ya gina hanyar a fili a 1981.

Masu kare sunan Hecke suna cewa dabarar ninka ajujuwa masu gefe biyu daga aikinsa ta samo tushe, kuma Iwahori da kansa ya sa sunan Hecke a kan takardarsa. Gaskiya ne, amma kawaicin malami ba hujja ba ce. Wannan karkatacciyar ƙa'ida ita Kazhdan da Lusztig suka hau a 1979, ita Howlett da Lehrer suka faɗaɗa a 1980, kuma irinta ce ta kai Vaughan Jones ga ma'aunin ƙulli a 1984. Ko hasashen Broué, Malle da Rouquier na 1998 kan rukunonin Shephard da Todd daga can ya tsiro. Babu ɗaya a cikinsu da ya fito daga takardun Hecke.

Malaman da ke koyar da wannan darasi, ku rubuta Iwahori–Hecke a allo.