Sana'ar Ɗori da Ciwon Kwatangwalo a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Tun kafin zuwan Turawa, al'ummar gundumar Yandakan Katsina, wato Dutsin-Ma, da ta Maraɗin Katsina, wato Kurfi, sun dogara ne ga maɗora wajen gyaran ƙashi, sana'ar da akasari gadonta ake yi daga kakanni. Maɗori yakan laluba wurin da yatsu har ya gane ko karaya ce, ko targaɗe, ko gocewar gaɓa, sannan ya ja ƙashin ya daidaita shi, ya jera tsagin kara ya ɗaure da tsumma, ya bi da tofi da man shanu. Ciwon da ya daɗe ba tare da faɗuwa ko rauni ba kuwa, akan kira shi sanyin ƙashi, a miƙa mai shi ga wanzami domin ƙaho ko sakiya.

Ƙwarewar maɗori ta tsaya ne inda hannu yake kaiwa, alhali gaɓar kwatangwalo tana binne cikin tsoka mai kauri. A can ne dunƙulallen kan ƙashin cinya yake juyawa cikin kwarmin ƙashin ƙugu, kuma idan ɗayansu ya yi tudun da ya wuce kima, sai su riƙa gogar juna suna cin guringuntsi, wato lallausan rufin da ke hana ƙasusuwa karo. Mai wannan lalura yakan ji suka a matsematsi idan ya tsuguna, ko ya duƙa noma, ko ya daɗe bisa babur.

Hanyar ganin cikin gaɓa ta buɗe da gano hoton ƙashi a Jamus a 1895, kuma buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a Kano a 1959 ya kusanto da wannan ilimi ga Katsinawa. Duk da haka, sai a 2003 likita Reinhold Ganz da abokan aikinsa na birnin Bern suka fayyace gogayyar a matsayin sanadin lalacewar gaɓa tun da ƙuruciya. Magani yakan fara da gashin ƙashi da rage tsuguno mai zurfi, kafin a kai ga allura ko tiyatar kankare tudun.

Saboda haka, kuma ganin cewa cutar sikila ma tana lalata wannan gaɓa, wajibi ne maɗori ya tura mai daɗaɗɗen ciwon kwatangwalo asibiti a ɗauki hoto tun guringuntsin bai ƙare ba, domin abin da ya cinye ba ya komawa yadda yake.