Atisayen ƙafa da ƙarfin jiki a wasan tanis

Atisayen ƙafa da ƙarfin jiki wani sashe ne na horon 'yan wasan tanis wanda ya shafi saurin motsi, da daidaita taku, da juriya, da ƙarfin tsoka. Manufarsa ita ce ɗan wasa ya isa inda ƙwallo za ta sauka a kan lokaci, ya tsaya da kyau ya buga ta, sannan ya koma mazauninsa kafin abokin karawa ya mayar. Masu horarwa na ɗaukar aikin ƙafa a matsayin tushen bugu, domin duk ƙwarewar hannu ba ta amfani idan ƙafa ta makara.

Yanayin motsi a fili

Tsawon filin tanis mita 23.77 ne, faɗinsa kuma mita 8.23 a wasan mutum ɗaya-ɗaya, ko mita 10.97 a wasan bibbiyu. Ɗan wasa ba ya yin dogon gudu a miƙe. Yawancin motsinsa 'yan mitoci ne kaɗan, akasari zuwa dama ko hagu, tare da birki da sauya alkibla sau da yawa kafin a ci maki ɗaya. Ana kammala yawancin maki cikin 'yan daƙiƙoƙi. Dokar wasan ta ba da hutun daƙiƙa 25 tsakanin maki da maki, da daƙiƙa 90 lokacin sauya gefe, da minti 2 tsakanin zagaye da zagaye.

Sai dai wasan ba shi da ƙayyadadden lokacin tashi. A gasar Wimbledon ta 2010, John Isner na Amurka da Nicolas Mahut na Faransa sun kwashe awa 11 da minti 5 suna karawa cikin kwana uku. Wasan ƙarshe na gasar Australian Open ta 2012 tsakanin Novak Djokovic da Rafael Nadal ya ɗauki awa 5 da minti 53. Wannan ne ya sa horon ke haɗa abu biyu: ƙarfin zabura na ɗan lokaci, da juriyar maimaita wannan zabura ɗaruruwan lokuta.

Tarihi

Harry Hopman, wanda ya daɗe yana jagorantar tawagar Ostareliya a gasar Kofin Davis, ya yi suna a shekarun 1950 da 1960 wajen tsananta wa 'yan wasansa gudu da motsa jiki. A shekarun 1980 Martina Navratilova da Ivan Lendl suka fito da tsarin haɗa ɗaga ƙarfe da gudu da kula da abinci, abin da ya zama ruwan dare daga baya. A yau manyan 'yan wasa na da mai kula da ƙarfin jiki daban da koci. Gil Reyes ya yi wannan aiki da Andre Agassi, Pierre Paganini kuma ya shafe shekaru da dama tare da Roger Federer da Stan Wawrinka.

Manyan nau'o'in taku

Na farko shi ne tsallen shiri. Ɗan wasa yana yin ɗan gajeren tsalle daidai lokacin da abokin karawa zai taɓa ƙwallo, ya dira a kan gaban tafin ƙafa, ƙafafu a buɗe, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe. Dirar tana miƙa tsokar ƙafa ta kuma ɗana ta, don haka takun farko yake fita da sauri. Idan tsallen ya yi wuri ko ya makara, amfaninsa ya tafi.

Akwai takun gefe, inda ake matsawa ba tare da ƙafa ta haye 'yar'uwarta ba, fuska na kallon raga. Akwai takun giciye, inda ƙafa ɗaya ke haye ɗayar don a ci tazara mai yawa, musamman wajen komawa tsakiya bayan an kai mutum can gefe. Sai ƙananan takun gyara da ake yi daf da bugu don daidaita nisa tsakanin jiki da ƙwallo.

Irin filin ma yana da tasiri. A jan filin Roland Garros da ke Paris, wanda samansa garin bulo ne, 'yan wasa na sulɓewa su tari ƙwallo. Ciyawar Wimbledon na da santsi kuma ƙwallo ba ta tashi sama sosai, don haka ake gajarta taku ana rage tsawo. Fili mai tauri, irin na gasar Amurka da ta Ostareliya, ya fi wahalar da gwiwa da idon sawu.

Sanannun atisaye

A gudun gizo-gizo ana ajiye ƙwallo biyar a mahaɗar layuka na gefe ɗaya na fili. Ɗan wasa yana farawa daga tsakiyar layin baya, ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya ya kawo inda ya fara, ana auna lokacinsa. A gwajin kusurwa shida kuwa, ana zana siffa mai gefe shida, kowane gefe kimanin santimita 60. Ɗan wasa yana tsalle da ƙafa biyu ya fita ya dawo ta kowane gefe har ya zagaya sau uku, fuskarsa na kallon wuri guda. Hukumar tanis ta Amurka ta yi amfani da waɗannan biyu wajen gwada 'yan wasanta.

Sauran sun haɗa da gudun layi, inda ake taɓa kowane layi a dawo, da tsanin igiya da ake shimfiɗawa a ƙasa don saurin ƙafa, da tsallen igiya. Akwai kuma wasan inuwa, wato bin duk motsin bugu da raket ba tare da ƙwallo ba. Wani lokaci koci ne ke jefa ƙwallo ko ya nuna alkibla da hannu ba tare da gargaɗi ba, domin a horar da ido da ƙafa tare.

Ƙarfi, juriya da kariya daga rauni

Ana gina juriya ta hanyar gajerun gudu masu tsanani da ɗan hutu a tsakani, kwatankwacin yadda wasan yake gudana. Tsuguno da nauyi da takun durƙuso na ƙarfafa cinya, jifan ƙwallo mai nauyi na ƙarfafa ƙugu da ciki, igiyar roba kuma na kare kafaɗa.

Raunukan da aka fi samu sun haɗa da targaɗen idon sawu, da ciwon gwiwa, da na kafaɗa, da na gwiwar hannu, da ɗaurewar tsoka a lokacin zafi. Ana rage su ta hanyar ɗumama jiki kafin farawa, da shan isasshen ruwa, da sa takalmin da ya dace da filin, da ƙara nauyin atisaye sannu a hankali. Atisayen sauri ana yin sa ne a farkon horo kafin gajiya ta shigo, domin jikin da ya gaji yakan koyi takun da ba daidai ba. Yara kuma akan fara musu da wasannin tsalle da daidaita jiki kafin a kai ga nauyi.