Ajin Da Ba Shi Da Bango

Yau za mu ɗan jingine labarin soyayya da kishi, mu leƙa wani ɗan tarihi da na daɗe ina son mu tattauna.

Lokacin da nake sakandare, malaminmu na Turanci ya samo mana adireshin wasu yara a Turai, ya ce kowa ya zaɓi aboki ya riƙa rubuta masa wasiƙa. Nawa abokin ɗan Jamus ne. Wasiƙa kan yi wata guda kafin ta iso, kuma a ta farko sai ya tambaye ni wai ko zaki yana zuwa bayan gidanmu. Na ji haushi ƙwarai, alhali ni ma a amsata na tambaye shi ko gaskiya ne ba sa gaishe da iyayensu da safe. Ashe dukanmu a duhu muke. Wannan duhun ne ya sa wasu malamai suka ƙirƙiro ajin intanet, inda ɗalibin wata ƙasa zai zauna darasi ɗaya da na wata ƙasar ba tare da ya hau jirgi ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, yawancin manyan matakan wannan tarihi bayan wata gaba ko wani tashin hankali suka zo. A 1988, lokacin Amurka da Tarayyar Sobiyet suna zaman doya da manja, wani Ba'amurke mai suna Peter Copen ya ɗauki nauyin haɗa makarantu 12 na jihar New York da 12 na birnin Mosko ta hanyar kwamfuta. Yaran da aka raina a kan tsoron juna sai ga su suna musayar saƙo. Daga nan ne ƙungiyar iEARN ta samo asali, amma fa nata aikin ya fi karkata ga makarantun firamare da sakandare.

A jami'a kuwa, ɗaya daga cikin na farko-farko shi ne shirin Cultura da aka fara a 1997 a jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin wata malamar Faransanci, Gilberte Furstenberg, da abokan aikinta. Dabararsu ta burge ni a matsayina na marubuci. Sai a ba ɗaliban Amurka da na Faransa kalma guda, kowa ya rubuta da harshensa abin da ya fara faɗo masa a rai, sannan a jera amsoshin gefe da gefe. Da aka ba su kalmar da ke nufin unguwannin gefen birni, Amurkawa suka kawo gidaje masu fili da kwanciyar hankali, Faransawa kuwa suka kawo talauci da rigima. Ƙamus ya ce kalmar ɗaya ce, rayuwa ta ce ba haka ba. Ka ƙaddara an ba Bahaushe da Bature kalmar "kunya", mai karatu ai ka san za a sha kallo.

Sai kuma harin 11 ga Satumba na 2001, wanda ya dagula tsakanin ƙasashen Yamma da duniyar Musulmi. A 2003, shekarar da Amurka ta mamaye Iraƙi, Lucas Welch da Liza Chambers suka kafa ƙungiyar Soliya. Tsarinta shi ne a haɗa ɗaliban jami'o'in Amurka da Turai da na ƙasashen Larabawa da sauran ƙasashen Musulmi cikin ƙananan rukunoni, suna ganin fuskar juna a kwamfuta, su zauna kamar awa biyu kowane mako har tsawon wasu makonni. Kowane rukuni da mai jan ragama wanda aka horar, aikinsa ya tabbatar mai baki bai danne mai kawaici ba, kuma in zance ya zo kan addini ko Falasɗinu, a faɗi gaskiyar zuci ba tare da zagi ba. A ganina nan ne sirrin abin yake, don kuwa mun sha ganin yadda intanet ke zama filin dambe in babu mai raba faɗa.

A 2006 jami'ar jihar New York ta buɗe cibiyar da ake kira COIL, bisa jagorancin Jon Rubin. Nan kuma malamai biyu ne na ƙasashe daban-daban za su tsara darasi tare, ɗalibansu su yi aiki guda, kowa ya karɓi makinsa a jami'arsa. Bayan an kashe jakadan Amurka a Libiya, Christopher Stevens, a Bengazi a 2012, mutumin da ya taɓa koyarwa a Maroko kuma yake jin Larabci, sai aka kafa wani shiri da sunansa a 2015 don tallafa wa irin wannan haɗuwa. Tarayyar Turai ma ta gwada nata daga 2018 zuwa 2020, tsakanin matasanta da na kudancin tekun Bahar Rum. Da annobar korona ta rufe filayen jirgi a 2020, jami'o'in da a da suke yi wa abin kallon wasa suka dawo suna rububinsa.

To, kada in yi ta yabo kamar maroƙi. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Wanda ya ga mutum a kwamfuta bai ci tuwon gidansu ba, bai ga yadda yake durƙusa wa mahaifiyarsa ba. Sannan yawancin darussan da Turanci ake yi, wanda harshen uwarsa ne ya riga ya yi gaba. Ga matsalar wuta da kuɗin data, wadda ɗalibin Kano ko Damagaram ya fi kowa saninta: ana tsakiyar muhawara sai a ɗauke wuta, a ci gaba da zance babu shi.

Duk da haka, 'ya'yan talakawa nawa ne za su samu biza da kuɗin jirgi? Mu mutane ne da ake yawan yin magana a kanmu, ba a cika yi da mu ba. In ɗanka ko ƙanwarka na jami'a suka ji an buɗe irin wannan aji, ka ƙarfafa musu gwiwa su shiga, su faɗi yadda muke da bakinsu, su kuma saurari na wasu. Ni dai sai da na jira wata biyu kafin abokina ya amsa mini cewa suna gaishe da iyayensu, sai dai ba sa durƙusawa.

Allah Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, inda za mu ci gaba da labarinmu.