Kwana Huɗu da Littafin Aro: Darasin Karatu daga Gwandu

A tsakiyar watan Mayu na 1853 wani baƙo Bajamushe ya sauka a Gwandu. Sunansa Heinrich Barth, amma a Barno da ƙasar Hausa an fi saninsa da Abdulkarim. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyarsa, kuma Tumbutu ya nufa. Sarkin Gwandu na lokacin, Halilu ɗan Abdullahi ɗan Fodiyo, mutum ne mai keɓe kansa, har baƙon ya bar garin bai samu ganinsa ba. Sai dai ya samu abin da ya fi ganin sarki amfani a gare shi: wani malami mai suna Buhari ya ara masa wani littafi mai kauri, rubutun hannu, da Larabci. Littafin nan shi ne Tarikh al-Sudan, tarihin daular Songhai da biranen Tumbutu da Jenne, wanda masanan Turai ba su san abin da ke cikinsa ba a lokacin.

Littafin na aro ne, damina ta kawo jiki, hanya kuma tana jira. Kwana uku zuwa huɗu Barth ya yi a kansa. Kwafe shi duka ba zai yiwu ba, saboda haka ya bi shi yana tsintar abin da ya zo nema: jerin sarakuna, shekarun sarautarsu, sunayen garuruwa, da labarin harin Maroko na 1591 wanda ya karya daular. An buga abin da ya tsinta a Jamus a 1855, kuma da shi ya tsara jadawalin tarihin Songhai a littafin tafiyarsa. Aikin kwana huɗu ya sauya abin da Turai ta sani game da tarihin Afirka ta Yamma.

Amma a cikin wannan aiki akwai kuskure babba. Barth ya sanar da duniya cewa Ahmad Baba, shahararren malamin Tumbutu, shi ya wallafa littafin. Haka ya ji daga bakin malamai, kuma a surorin farko akwai dogayen sassa da aka ɗebo daga rubuce-rubucen Ahmad Baba a kan rayuwar malamai. To, Ahmad Baba ya rasu a 1627, littafin kuwa ya ci gaba da ba da labari har zuwa 1655. Mawallafin gaskiya shi ne Abdurrahman al-Sa'di, wanda ya yi ta ambaton kansa da tafiye-tafiyensa a surorin ƙarshe. Sai da aka yi kusan shekara arba'in ana maimaita kuskuren, kafin a gyara shi a ƙarshen ƙarnin, lokacin da cikakkun kwafe suka isa Faransa, Octave Houdas ya buga matanin Larabcin a 1898, fassararsa kuma a 1900.

Wannan labari ya shafi duk ɗalibin da ke neman digiri na biyu ko na uku a yau. Ɗan Dangoma ko Kalgo da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta yake kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ko wanda ke zirga-zirga zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, yana cikin irin halin Barth kusan kullum. Ya sauke maƙaloli tamanin a wayarsa, mai duba aikinsa yana jiran babin bitar ayyukan da suka gabata, ga aikin ofis, ga iyali, ga wutar lantarki da ba ta da tabbas. Dole ne ya yi sauri. Tambayar ita ce: a ina sauri yake halatta, a ina kuma yake haifar da nawa? Malaman Gwandu sun fuskanci wannan tambaya tun kafin zuwan Barth, kuma sun bar mana amsa a cikin yadda suka tsara karatunsu.

Yadda Abdullahin Gwandu ya yi karatu

An haifi Abdullahi ɗan Fodiyo wajen 1766, ya rasu a Gwandu a 1829. A 1812 ya rubuta wani ɗan littafi, Ida' al-Nusukh, inda ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu. Wanda ya duba jerin zai ga abu guda a fili: akwai tsani, kuma ba a tsallake matakala. Ya fara da Alƙur'ani a wurin mahaifinsa. Yana ɗan shekara 13 aka miƙa shi ga wansa, Shehu Usmanu, inda ya karanta ƙananan littattafan kowane fanni, irin su Ajuruma a nahawu da Ahalari da Ishmawi da Risala a fiƙihu. Bayan haka ne ya nufi manya: Sahihul Buhari a wurin Muhammadu ɗan Raji, usulul fiƙihi a wurin Malam Jibrilu ɗan Umar. Kowane littafi yana da malaminsa, kowane malami an san abin da ya ƙware a kai.

Ƙaramin littafi yana bai wa ɗalibi taswirar fanni: manyan mas'aloli, kalmomin da ake amfani da su, da wuraren da ake saɓani. Da wannan taswira yake shiga babban littafi, ya san inda zai tsaya da inda zai wuce. Ɗalibin da ya faɗa wa sabuwar maƙala mai zurfi alhali bai karanta littafin share fage ko maƙalar bita a fannin ba, kamar almajiri ne da ya ɗauki Muhtasar bai sauke Ahalari ba. Zai yi sa'a uku a shafi biyu, ya ɗauka kansa ne ya yi nauyi, alhali matakala ya tsallake.

Shehu Usmanu ya ƙara wata shawara a littafinsa Najm al-Ikhwan. Ya hori mutanensa su duƙufa kan rubuce-rubucen malaman zamaninsu, domin su suka fi sanin abin da ya fi muhimmanci a lokacinsu, kuma ayyukansu bayani ne na abin da magabata suka dunƙule. Ya kuma fayyace abin da za a nema a wurin kowa: littattafan Abdullahi domin kiyaye zahirin shari'a, na Muhammadu Bello domin sanin sha'anin mulki, nasa kuma domin haɗa ɓangarorin biyu. Wato tun kafin a buɗe littafi, a san wane ne mai shi da abin da ake zuwa nema a wurinsa. Ɗalibin yau zai iya ɗaukar wannan kai tsaye: ya fara da maƙalar bita mafi kusa a shekaru, daga ita ya gane su wane ne manyan fannin, sannan ya bi manazartarta ya koma baya.

Abdullahi bai tsaya ga karanta taƙaitattun littattafai ba, shi ma ya yi ta taƙaitawa. Ya mai da ilimin tafsiri na Suyuɗi waƙe a Miftah al-Tafsir, daga baya ya sake taƙaita wannan a Sulalat al-Miftah. Babban tafsirinsa, Diya' al-Ta'wil, wanda ya kammala wajen 1816 kuma aka buga a Alƙahira a 1961 cikin mujalladi huɗu, ya tattaro ƙira'o'i da saɓanin mazhabobi da zurfin nahawu. Da ya ga ya yi wa ɗalibai da yawa nauyi, sai ya rubuta Kifayat Du'afa' al-Sudan wajen 1822, ya tsaya a kan ruwayar Warshu da mazhabar Maliku. Ilimi ɗaya, zurfi biyu, gwargwadon buƙatar mai karatu. Mutumin da ya iya yin haka ya narkar da abin da ya karanta har ya iya faɗarsa a gajarce da bakinsa. Har yau wannan ne ma'aunin fahimta mafi sauƙi: idan ka rufe maƙala ba ka iya rubuta tambayarta da hanyarta da sakamakonta a layi biyar ba, to ba ka gama da ita ba.

Su kansu takardun suna nuna yadda ake karatu. Takarda tana da tsada, daga Italiya ake kawo yawancinta ta hanyar Tarabulus da Sahara, amma duk da haka masu kwafe littattafan karatu sukan bar fili tsakanin layuka da gefen shafi. Filin na ɗalibi ne: nan yake rubuta ma'anar kalma da Fulatanci ko Hausa cikin ajami, nan yake sa bayanin malam ko maganar wani sharhi. Kafin ya zo zaure kuma ya yi muɗala'a, ya bi darasin shi kaɗai ya gano inda ya cije masa. Da alƙalami a hannu ake karatu, kuma da tambaya ake zuwa gaban malam.

Zagaye uku

Taƙaitawa tana da haɗarinta, kuma an daɗe da gane haka. A Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, Ibn Khaldun ya koka da abu biyu: yawan littattafai a fanni ɗaya yana hana ɗalibi kaiwa ga gaci, yawan dogaro da taƙaitattu kuma yana lalata koyo, domin an cusa ma'ana mai yawa cikin kalmomi kaɗan. Maganin da ya bayar shi ne a bi fanni sau uku. A karon farko a ɗauki manyan mas'aloli a dunƙule. A na biyu a faɗaɗa bayani, a nuna wuraren saɓani. A na uku kada a bar wani ƙulli ba a kwance ba.

Maƙalar mujalla irin ta yau ta zo daga wata hanya dabam. A 1665 aka fara buga mujallun ilimi biyu na farko, Journal des Savants a Faris da Philosophical Transactions a Landan. Rubuce-rubucen farko sun fi kama da wasiƙu. A cikin ƙarni na 20 ne tsarin da muka saba da shi ya kafu: tsakure, gabatarwa, hanyar bincike, sakamako, tattaunawa, manazarta. An yi wannan tsari ne domin mai karatu ya iya zuwa kai tsaye wurin da yake so. Saboda haka wanda ya fara maƙala daga layin farko ya bi ta har na ƙarshe kamar littafin hikaya, ya yi watsi da sauƙin da aka shirya masa.

A 2007 wani farfesan kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Waterloo ta Kanada, S. Keshav, ya rubuta gajeriyar maƙala kan yadda ake karanta maƙala, wadda ta yaɗu a jami'o'in duniya. Shi ma zagaye uku ya kawo. Na farko minti biyar zuwa goma: take, tsakure, gabatarwa, kanun sassa, kammalawa, da leƙa manazarta, domin yanke shawarar ko maƙalar ta cancanci ƙarin lokaci. Na biyu kamar sa'a guda: a bi hujjojin, a duba jadawalai da zane-zane da kyau, a yi alama ga manazartar da ba a sani ba. Na uku yakan ci wa sabon shiga sa'a huɗu ko biyar: mai karatu ya ɗauka shi ne zai sake yin binciken, ya tuhumi kowane zato, ya ga inda marubuci ya ɓoye rauni. Shekara 630 ne tsakanin Ibn Khaldun da Keshav, ɗaya yana magana kan koyar da fanni, ɗaya kan karanta maƙala, amma matakalarsu iri ɗaya ce.

Inda Barth ya yi daidai, da inda ya zame

Da wannan ma'auni za mu iya yi wa Barth adalci. Zagayensa na farko da na biyu sun yi kyau ƙwarai, domin ya zo da tambaya a hannu, ya iya Larabci, ya kuma karanta abin da magabata irin su Ibn Battuta suka rubuta kan yankin. Wannan shiri ne ya sa kwana huɗu suka wadatar. Inda ya zame shi ne ya ɗauki wata magana da ya ji a baki, ya rubuta ta da tabbacin da sai zagaye na uku ne ke bayar da shi.

Irin wannan zamiya ta cika kundayen digiri. Ɗalibi ya karanta tsakure kawai, ya rubuta cewa wane ya tabbatar da kaza, alhali a cikin maƙalar mutum talatin aka yi wa tambayoyi a unguwa ɗaya. Ko ya ɗauko magana daga kundin wani, ya jingina ta ga littafin da bai taɓa buɗewa ba, kuskuren shekara ko na suna ya bi shi kamar gado. Ranar kare kundi, mai jarrabawa na waje yakan gane wannan da tambaya ɗaya. Abin da ya fi kunyar ranar muni shi ne kuskuren ya wuce ba a kama shi ba, wani ɗalibi ya kwafe shi a shekara mai zuwa.

Malaman zaure suna da ladabin da ke maganin wannan. Suna bambanta littafin da mutum ya karanta a gaban malami, da wanda ya ji ana karantawa, da wanda aka ba shi izininsa kawai. Ɗalibin jami'a zai amfana idan ya riƙe irin wannan rajista ga kansa: a gaban kowace maƙala ya rubuta zagaye nawa ya yi mata. Daga cikin tamanin ɗin da ke wayarsa, mai yiwuwa hamsin su tsaya a zagayen farko, ashirin da wani abu su kai na biyu, biyar ko shida su kai na uku. Ba laifi a cikin haka. Sharaɗin kawai shi ne duk maƙalar da hujjar kundinsa ta jingina a kanta, ko wadda zai soki sakamakonta, ta kasance cikin 'yan ƙalilan ɗin da ya bi har ƙarshe, da alƙalami a hannu.

A farkon watan Yuni na 1853 Barth ya bar Gwandu, ya bi ta Birnin Kebbi da Zogirma zuwa Say a bakin Kwara, ya isa Tumbutu a watan Satumba. Littafin kuwa ya koma hannun mai shi, da surorinsa na ƙarshe, inda al-Sa'di yake ba da labarin kansa.