REDIYON DA KE SA WAƘOƘINMU, NA WANE NE?

 

A taronmu da ya wuce an kawo shawarar mu yi karo-karo mu kafa ƙaramin gidan rediyo a garinmu. Wani dattijo ya tashi ya ce: to, in an kafa, na wane ne? Aka yi dariya aka wuce. Ni ban yi dariya ba, domin tarihin rediyo a ƙasar Damagaram kusan duk amsar wannan tambaya ce.

Kafin akwati ya zo, waƙa tana da masu ita. Makaɗin fada na Sarki ne, shi ke ci da shi, shi ke tufatar da shi. Makaɗin noma na manoma ne, na mahauta kuma na mahauta. Tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, har Faransawa suka ci Zinder a 1899, wanda ke son jin tambari sai ya taka zuwa Birni da ƙafarsa. Ma'azu Ɗan Alalo ya gaji wannan tsari, makaɗin Sarkin Damagaram ne, amma shi Allah ya kai shi zamanin da muryarsa ta shiga akwati ta isa inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba.

An buɗe Rediyon Nijar a Yamai a 1958, shekara biyu kafin mulkin kai. Faransawa ne suka kafa ta, gwamnatin Diori Hamani ta gaje ta. Da ma tun 1926 aka ɗauke hedkwatar ƙasa daga Zinder aka kai Yamai, saboda haka murya ma daga can ta riƙa fito mana. A 1962 aka soma ƙungiyoyin sauraro da ake kira rediyo-kulob. Malamin lakwal ya tara mutane da dare a saurari shiri, a yi muhawara, ya ɗauki maganarsu a na'ura ya aika. Wannan abu ne mai kyau, ba na musu. Amma zaren da aka ɗauka, da waƙar da ke ciki, sun zama na hukuma. A 1967 aka kafa ORTN. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, gidan ya koma Muryar Sahel, kuma aka cika shi da waƙoƙin samariya. Tashar Zinder reshe ce, ba uwa ba.

Manyanmu kuwa sun san wata dabara. In maraice ta yi sai a murɗa akwati zuwa Kaduna, wadda aka buɗe a 1962, a ji Mamman Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace, a ji gaishe-gaishen zaɓi sonka. Na tuna akwatin kawuna, da rigar fata da aka ɗinka masa, da yadda ake shanya pil a rana wai don ya ƙara ƙarfi. Yaro bai isa ya taɓa shi ba. Ita ma Kaduna a lokacin ta gwamnatin Arewa ce, ba tamu ba, sai dai Hausarta ta fi kusa da kunnenmu.

Abin ya sake bayan babban taron ƙasa na 1991. Aka ba 'yan kasuwa izini, a 1994 gidan farko mai zaman kansa, R et M, ya soma a Yamai. Sai Anfani ta Grémah Boukar, wadda ta buɗe reshe a Zinder, ga kuma Shukura. Nan ne makaɗin ƙauye ya samu ƙofa: ya zo da kaset ɗinsa a sa masa, mai biki ya biya a yi masa sanarwa. Amma mai gida ɗaya yana da wuya ɗaya. A watan Yuli na 1996, lokacin zaɓen Ibrahim Baré Maïnassara, sojoji suka rufe Anfani ta Yamai na wani lokaci. Ban da wannan, gidan ɗan kasuwa talla yake ci. Ran da waƙar finafinan Kano ta fi kawo talla, goge da kalangu sai su koma ƙarshen dare.

Iri na uku shi ne wanda muke magana a kai, rediyon al'umma. An fara gwada shi a Bankilare, can yamma, wajen 1999, da na'ura mai aiki da hasken rana, daga baya ya bazu cikin ƙasa. A takarda, ƙungiyar gari ce mai shi, hukumar sadarwa ke ba da izini. A zahiri fa, da yawa masu ba da agaji ne suka kawo kayan suka tafi. Da batir ya mutu, ko tsawa ta ƙone na'ura, sai a rasa wanda zai ce nawa ne. Ma'aikatan sa-kai ne, damina na faɗuwa su tafi gona. Wani wuri kuma mai kuɗi guda ya gyara, daga ranar ba a ƙara jin sunan abokin hamayyarsa ba.

Don haka ga abin da nake roƙo kafin kowa ya ba da ko dala. A rubuta izinin da sunan ƙungiya, ba da sunan shugabanta ba, ko da kuwa ɗan'uwana ne. Filin da za a kafa eriya a yi masa takarda gaban mai gari da shaidu. A ware kuɗin gyara daban, a hannun mutum biyu. A kwamiti a sa mata, domin su ne ke riƙe da waƙoƙin daka da na niƙa da na aure, kuma su ne za su fi kowa sauraro.

Sai batun kaset. Akwai tsofaffin kaset na makaɗan garinmu cikin akwatunan mutane, zafi da ƙura na cin su, masu waƙar kuma yawanci sun riga mu gidan gaskiya. Duk mai irinsu ya kawo wa magatakarda kafin taron bayan Sallah. Za a kwafe a kwamfuta, a rubuta sunan makaɗi da na wanda ya kawo, a mayar wa kowa da abinsa.