Manassas: Ranar da Aka Je Kallon Yaƙi

Ranar Lahadi, 21 ga watan Yuli, 1861, waɗansu mutanen birnin Washington, har da 'yan majalisar dokoki, suka ɗaure guzuri, suka hau kekunan doki, suka tasam ma Manassas ta jihar Virginia, tafiyar kilomita kamar 45. Kallon yaƙi za su. A zatonsu, kafin rana ta faɗi rundunar Arewa za ta murƙushe 'yan tawayen Kudu, waɗanda suka ɓalle don su ci gaba da riƙe bayi.

Ashe ba haka Allah ya nufa ba. Da la'asar sojojin Janar McDowell suka karye, suka cakuɗe da 'yan kallo a kan hanyar komawa, kowa ya yi ta kansa. Sojoji kusan 900 suka kwanta dama kusa da rafin Bull Run. Wata tsohuwa, Judith Henry, harsashin igwa ya same ta har kan gadonta. Yaƙin da aka ɗauka na yini guda bai ƙare ba sai 1865, bayan ya ci rayuka fiye da 600,000.

Tun 1940 gwamnatin Amurka ke kula da wannan fagen fama. Shiga kyauta ne. Mai ziyara daga Washington kuɗin mai da na abinci kurum zai kashe, ya koma gida a ranar. Zai ga igwogi jere a kan tudun Henry, da kabarin tsohuwar nan kusa da inda gidanta yake.